Asibiti Ɗaya, Lissafi Biyu

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifinmu ya rasu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga kwanakin jinyarsa wata taga ce. Ƙaramar taga mai ƙarafa a bakin asibiti, inda ake biyan kuɗi. Kullum sai Inna ta tsaya a gabanta ta ƙirga abin da ke hannunta, ta sake ƙirgawa, kafin a taɓa shi. Ranar da kuɗin bai cika ba, takardar magani ta koma jaka sai gobe. Da wannan na tashi, cewa asibiti wuri ne da za ka biya tukuna sannan a dube ka. Bayan rasuwarsa Inna ce ta riƙe mu, mu biyar, kuma ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

A ƙarshen 2021 na bi maigidana zuwa Ingila, ni da ɗanmu na fari mai shekara biyu. Karatun digiri na biyu ne ya kai shi wani gari a arewacin ƙasar, a lokacin kuma ana barin irin waɗannan ɗalibai su taho da iyalinsu. Cikin kuɗaɗen da muka biya kafin a ba mu biza akwai kuɗin lafiya na baƙi, fam 470 a shekara a kan kowane mutum, har da yaron. Na yi ta mita a kansa. Maigidana ya ce in yi haƙuri, idan mun isa zan ga amfaninsa.

Na kuwa gani. Watanmu biyu da zuwa zazzaɓi mai zafi ya rufe yaron cikin dare, muka kwashe shi sai sashen gaggawa. Aka auna shi, aka duba kunnensa da maƙogwaronsa, aka ajiye mu har jikinsa ya sauka, sannan aka ce mu tafi gida. Ni kuwa tun shigarmu nake waige-waige ina neman tagar. Har muka kai ƙofar fita katin banki yana hannuna, ina jiran wani ya kira mu. Babu wanda ya kira. Da na ba Inna labari a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "To 'yar nan, su likitocin me suke ci?" Maigidana ne ya karɓi wayar ya yi mata bayani cewa tun 1948 aka kafa hukumar lafiyarsu, NHS, a kan harajin da ake cira daga jama'a, don kada a tambayi marar lafiya kuɗi a bakin gado.

Daga nan kuskurena ya soma. Kalmar "kyauta" na ɗauka na riƙe, sauran bayanin na zubar. Na manta cewa mu mun riga mun biya, tagar ce kawai aka ɗauke daga bakin asibiti aka kai ta cikin takardar neman biza. Ko da ya gama karatu muka koma bizar shekara biyu da ake ba waɗanda suka kammala, a farkon 2023, sai da muka sake zubewa: fam 624 a shekara kowane babba, 470 na yaro, na shekara biyun gaba ɗaya a lokaci guda, fam 3,436 ke nan banda kuɗin bizar kanta. Da idona na ga kuɗin sun fita daga asusunmu. Duk da haka idan aka tambaye ni sai in ce asibiti kyauta ne a ƙasar nan.

Ba wai komai daɗi ba ne. Wanda ya zauna a nan ya san wahalar ganin likitan unguwa, wanda suke kira GP. Ƙarfe takwas na safe daidai za ka buga waya, ka ji kai ne na ashirin da wani abu a layi, kafin a zo kanka a ce gurbin yau ya ƙare. Idan ka samu shiga kuma minti goma ne naka, sau da yawa ka fito da shawarar ka sha farasitamol ka huta. Mukan yi dariyar abin a tsakaninmu baƙi. Amma da na samu ciki a 2023 sai na ga ɗaya fuskar. Ungozoma ta riƙe ni tun daga farko, hoton ciki a mako na 12 da na 20, awon jini da na fitsari duk zuwa. Aka ba ni shaidar da ta ɗauke mini kuɗin magani har shekara guda bayan haihuwa, alhali a lokacin sauran mutane fam 9.65 suke biya a kan kowane magani da likita ya rubuta. Da yake da tiyata na haifi na farko, aka tsayar da ranar da za a sake yi mini.

Ba mu da kowa a garin. Maigidana yana aiki daga safe zuwa yamma, ga yaro mai shekara huɗu, ga ni za a yanka. Shi ya sa muka nema wa Inna bizar ziyara ta wata shida, aka kuma ba ta.

Wannan wurin ne nake jin nauyin faɗa, amma saboda shi nake rubutun nan. Maigidana ya tada maganar inshorar tafiya. Wani dare muka zauna muka bincika a intanet. Farashin farko da muka gani ba shi da yawa, amma da muka sa shekarunta, sittin da huɗu, muka kuma amsa cewa tana da hawan jini, sai ya yi tsalle ya koma ɗaruruwan fam. Masu arahar kuwa a ƙasa da ƙananan haruffa sun rubuta cewa ba ruwansu da duk ciwon da mutum ya zo da shi. Mun riga mun sayi tikitin jirgi, mun sayi gadon jariri da keken turawa, asusun ya yi ƙasa. Maigidana ya ce ko a daure a saya. Ni ce na ce a bari. Na ce wata uku kacal za ta yi, lafiyarta ƙalau, kuma ko wani abu ya faru ai asibiti kyauta ne. Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Daga baya na ji cewa da Faransa ko Jamus za ta je, ba za a ma ba ta biza ba sai ta nuna inshorar da za ta ɗauki jinya har ta Yuro 30,000. Bizar ziyara ta Birtaniya ba ta tilasta hakan, mutum da dabararsa. Tawa dabarar ke nan.

Inna ta sauka a ƙarshen Satumba, na haihu a Oktoba, mace. A hawa na biyu aka kwantar da ni, kwana biyu. Tiyata, allurar kashe zafi, nas tana zuwa cikin dare tana ɗaga ni, ga ungozoma da ta riƙa biyo ni har gida bayan sallama. Ban biya ko sisi ba. Ranar da za mu fita na lura Inna ma tana waige-waige a bakin ƙofa kamar yadda na taɓa yi. Na yi dariya na ce, "Inna, babu tagar fa." Ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah."

Makonni ukun da suka biyo baya ita ta ɗauke komai. Wanka, wanki, girki, kai yaro makaranta cikin sanyin da ba ta saba da shi ba, goyon jaririya cikin dare don in samu barci. Ban taɓa tambayarta ko tana shan maganinta ba. Ashe ya ƙare tun mako biyu da zuwanta, ta ƙi faɗa don kada ta ɗora mana ɗawainiya, kuma a ganinta tunda ba ta jin ciwon kai, jinin ya sauka. Abin da ya fi ci mini rai da na sani daga baya shi ne, ganin likitan unguwa a Ingila ba a karɓar kuɗi a kansa ko daga baƙon da ya zo ziyara. Da na kai ta an yi mata rajista ta wucin gadi, an auna jinin, an rubuta mata wani maganin. Tafiyar minti goma ce daga gidanmu.

Ranar wata Talata ce a Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu. Ta idar da la'asar ta haɗa mini shayi, ta miƙo, na karɓa. Ina shayar da jaririya, kuma na saba duba waya in ga ƙarfe nawa na fara, shi ya sa na san biyu da minti ashirin ne. Ta koma ta ɗauko nata kofin, sai na ji ya faɗi ya fashe. Na ɗago na ce, "Inna, lafiya?" Ta buɗe baki za ta amsa, maganar ta fito a tauna, kamar mai magana cikin barci. Gefen bakinta na dama ya zube ƙasa. Hannun daman yana reto, tana kallonsa kamar na wani.

Na taɓa ganin hoton alamomin nan manne a bangon ɗakin jiran likita: fuska ta karkace, hannu ya kasa ɗaguwa, magana ta sarƙe, to a buga waya nan take. Na buga 999 hannuna yana rawa. Matar da ta ɗauka ta ce kada in ba ta ruwa ko abinci, in kwantar da ita, in buɗe ƙofar gida. Ni da ɗinki a mara, ba a yarda in ɗaga abin da ya fi jaririya nauyi ba, haka na ja Inna a hankali na jinginar da ita. Ta kama bakin rigata da hannun hagu ta riƙe. Idonta yana magana, bakin ya ƙi.

Motar asibiti ta iso cikin kusan rabin awa. Tambayar farko da suka yi mini ita ce yaushe na gan ta lafiya a karo na ƙarshe. Na ce biyu da ashirin. Suka sake tambaya, na nuna musu wayar. Ban san muhimmancin abin ba sai a asibiti, da likita ya yi mini bayani bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu, shi ya sa ɓarin dama ya shanye. Akwai allurar da ke narkar da gudan, amma a ƙa'ida cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon ake yin ta, kuma sai hoto ya nuna ba jijiya ce ta fashe ba, don idan fashewa ce allurar ƙara zubar jinin za ta yi. Ya faɗa mini haɗarinta bai ɓoye ba. Aka fara sauke hawan jinin tukuna, sannan aka yi. Duk wannan kafin ƙarfe biyar. Babu wanda ya tambaye ni fasfo, babu wanda ya tambaye ni kati.

Zan faɗi gaskiya a kan jinyar, don ko kusa ba ni da abin zargi a kanta. A hawa na biyar aka kwantar da ita, sashen masu shanyewar jiki. Daren farko nas ba ta wuce ɗan lokaci ba ta dawo ta haska idonta, ta ce ta matse mata hannu, ta auna jini. Kafin a ba ta ko ɗigon ruwa sai da aka gwada haɗiyarta da ƙaramin cokali, nas ta kafa ido a maƙogwaronta. Ta sarƙe a cokali na biyu, sai aka koma zuba wani gari a ruwanta don ya yi kauri, kada ya bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Inna ta tsani ruwan nan, idan an kawo sai ta kau da kai kamar yarinya. Da na roƙa cewa mata ne kaɗai za su riƙa yi mata wanka, aka rubuta a allon da ke saman gadonta, kuma aka kiyaye. Mai koyar da magana ta zo da katunan hotuna, ni ina tafinta. Ta ɗaga hoton cokali. Inna ta dube shi, ta san shi sarai, ta yi alamar kai shi baki, amma sunan ya ɓace. Ta yi ta ƙoƙari har hawaye ya zubo mata. Sai a kwana na huɗu ta ce "co...kali", ni da Baturiyar nan muka yi ta murna kamar an yi mana bushara.

Kwana ɗaya kafin wannan ne wata mata ta zo, ba cikin kayan nas ba, da fayil a hannunta. Ta gaishe ni da ladabi ta ce daga ofishin kula da marasa lafiya baƙi take, tana son ganin fasfon Inna. Ta buɗe, ta duba bizar, ta tambaya ko akwai inshora. Na ce babu. Ta ɗan yi jim, sannan ta ja kujera ta zauna, daga nan na san maganar ba ƙarama ba ce. Ta ce motar asibiti da abin da aka yi a sashen gaggawa ba a biya, ko wane ne mutum. Amma daga lokacin da aka ba marar lafiya gado, wanda ya zo da bizar ziyara biya yake yi, kuma tun 2015 doka ta ce a caje shi kashi 150 cikin ɗari na farashin da hukuma ta ƙayyade, wato kuɗin aikin da ƙarin rabinsa. Ta ce kada in tsorata, jinyar da ake yi mata ta ceton rai ce, ba za a dakatar ba don ba a biya ba. Takarda dai za ta zo.

Na ce mata, "Amma ni mako uku da suka wuce aka yi mini tiyata a ginin nan, ban biya komai ba." Ta ce, "Ke kin biya, tun kafin ki shigo ƙasar."

Na fita na zauna a matakala tsakanin hawa na biyar da na huɗu, jaririya a ƙirjina, na yi kuka mai isata. Da maigidana ya zo da yamma na faɗa masa ina jiran ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba, har yau kuma bai taɓa cewa ba. Da ya ce ɗin ma wataƙila da na fi samun sauƙi.

Kwana goma sha ɗaya ta yi. Takardar da ta zo da sunanta ta ce fam 9,840. Na zauna na raba, na ga asalin kuɗin 6,560 ne, sauran 3,280 kuwa ƙarin baƙunta ne. Duk abin da muke da shi a ajiye bai kai fam dubu biyu ba.

Kafin takardar ma akwai shawarar da ta fi ta wuya. Likitoci sun so a ci gaba da yi mata gashi da koyon tafiya na wasu makonni. Sai dai wannan, a lissafin doka, jinya ce da za ta iya jira har mutum ya koma ƙasarsa, kuma tun 2017 irin wannan sai an biya kafin a fara. Muka yi lissafi, muka sake yi, bai fita ba. Na tsaya gaban mai gashin na ce mata ba za mu iya ba. Ba ta nuna mini komai a fuska ba. Ta ce to in zo in tsaya kusa, ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗar Inna, ta nuna mini yadda zan tallafe ta idan za ta tashi, ta gargaɗe ni kada in kuskura in ja ta ta hannun da ya shanye don kafaɗar tana iya gocewa. Ta ba ni takardu masu zane-zanen motsa jiki. Da su muka koma gida. Safe da yamma, ni da ɗinkina, ita da ƙafarta mai ja, muna zagaya ɗan falonmu daga kujera zuwa ƙofa. Ɗana yana gaba yana ƙirga mana taku. Har yau idan na ga yadda yatsunta na dama suka ƙi buɗewa sosai, sai in tambayi kaina ko da an yi makonnin nan a hannun masu aikin da sun buɗe.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wasu daga cikin waɗanda suka daɗe a ƙasar suka ce mana bashin ai da sunanta yake, ba da namu ba, mu sa ta a jirgi kawai, wa zai bi ta? Ta fuskar doka akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, marar lafiya ake bi. Abin da zai biyo baya shi ne, bashin da ya kai fam 500 idan ya yi wata biyu ba a biya ba kuma ba a yi yarjejeniyar biya ba, ana miƙa sunan mai shi ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma ana iya hana shi biza nan gaba. Suka ce to sai me, tsohuwa mai shanyewar jiki dawowa za ta yi? Ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar a raina. Har na fara gaya wa kaina cewa ƙasar da ta karɓi dubbai a hannunmu ba za ta talauce don wannan ba.

Mun ɓoye wa Inna takardar, amma uwa ba a ɓoye mata fuska. Wata safiya ina shafa mata mai a hannu ta ce, da maganarta da ta fara dawowa a gutsure, "Nawa ne?" Na ce, "Na me, Inna?" Ta ce, "Asibiti." Na ce ai kyauta ne. Ta zare hannunta daga nawa. Ta ce matar nan mai fayil ta gan ta, kuma ta san mai karɓar kuɗi ko a wace ƙasa yake. Dole na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a sayar da gidan da mahaifinmu ya bari. Maigidana da ke bakin ƙofa ya durƙusa ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, ba za a sayar da gida ba. Saboda mu kuka zo, mu za mu biya." Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kada ki bari in mutu da bashin mutane a wuyana. Sun yi mini aiki." Maganar sa ta a jirgi a yi shiru daga nan ta mutu.

Na je ofishin Citizens Advice, inda ake ba da shawara ba tare da an biya ba. Wani dattijo ya zauna da ni, ya ce in nemi a ba ni lissafin dalla-dalla, in rubuta abin da ke shigo mana da abin da ke fita kowane wata, sannan in rubuta wa asibitin abin da za mu iya biya da gaske, kada in yi alkawarin da zan karya don kunya. Ya ce muddin an amince da tsarin biya kuma ana cikawa, ba a kai sunan mutum gaba. Muka kwashe ajiyarmu muka ba da 1,840, ragowar 8,000 aka yarda mu riƙa biyan 200 duk wata. Wata arba'in ke nan.

Cikin wannan ruɗani saura kaɗan mu sake faɗawa wani ramin. Haihuwa a Birtaniya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa idan iyayensa a kan biza ta wucin gadi suke. Jaririyarmu tana cin albarkacin kuɗin da muka biya ne na wata uku kawai, bayan nan idan ba a nema mata tata bizar an biya nata kuɗin lafiyar ba, ita ma lissafin baƙo za a yi mata idan ta kwanta. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa duba jarirai a gida ce ta tuna mana. Muka ranto muka nema mata a Janairun 2024, makonni kaɗan kafin kuɗin ya tashi ranar 6 ga Fabrairu zuwa fam 1,035 na babba da 776 na yaro.

Inna ta koma gida a watan Fabrairu, da takardar likita cewa za ta iya hawa jirgi, a keken guragu, ƙanena yana jiranta a can. A filin jirgi ta ɗora hannun hagu a kan jaririya ta yi mata addu'a mai tsawo. Rabin kalmomin ba su fita daidai ba, amma na gane su duka.

Bayan tafiyarta ne na ɗanɗani ɗaya ɓangaren tsarin a jikina. Wani ciwo ya riƙa turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman cikin dare bayan na ci abu mai maiƙo, har ya harba zuwa kafaɗa. Hoto ya nuna tsakuwa ce a maɗaciya, aka ce sai an cire. A ƙa'idarsu bai kamata mutum ya wuce mako 18 daga turawar likita zuwa fara jinya ba, amma a lokacin jerin masu jira a Ingila ya haura miliyan bakwai. Ciwona ba na mutuwa ba ne, saboda haka na bi layi. Sau biyu ina zuwa sashen gaggawa cikin dare, in yi awanni a kan kujerar roba, a ba ni maganin kashe zafi, a ce in koma in jira wasiƙa. Na tambayi asibitin kuɗi, suka ce za su yi cikin makonni kaɗan, farashin kuwa dubban fam ne, kusa da abin da ake bin mu. Na yi dariya ni kaɗai. Ga ni na biya kuɗin lafiya amma ina jira, ga Inna da ba ta biya ba an yi mata komai cikin awa uku an aiko da takarda. Wata goma sha ɗaya na yi kafin a kira ni. Da aka tashi yi kuma, aiki ne mai tsafta, ƙananan huji huɗu a ciki, da yamma na koma gida.

A farkon 2025 maigidana ya samu wurin aikin da ya ɗauki nauyin bizarsa, muka sabunta ta shekara uku. Kuɗin lafiya kaɗai na mu huɗu ya kama fam 10,866. Wannan karon da na ga kuɗin sun fita ban yi mita ba, ban kuma ƙara cewa kyauta ba. Idan wata a cikin ƙawayena ta ce mini za ta kawo mahaifiyarta, nakan tambaye ta inshora tun kafin in yi mata murna, in ce ta karanta ƙananan haruffan, ta faɗi duk ciwon da tsohuwar ke da shi ko farashin zai ninka, ta kuma ƙirga ƙwayoyin maganinta da hannunta ranar da ta sauka. Wasu suna ji. Wata kuwa ta ce mini wata biyu kacal za ta yi, kuma lafiyarta ƙalau. Na rasa abin da zan ce mata, don muryata na ji a bakinta.

Inna tana tafiya yanzu da sanda. Maganarta ta dawo, sai dai idan ta gaji kalmomi sukan ɓuya mata. Cokali da hannun hagu take riƙewa. Ba ta sake neman biza ba, ko da yake babu abin da zai hana a ba ta, ta ce jirgi ya ishe ta. Ranar ɗaya ga kowane wata fam 200 suke fita daga asusunmu, kuma ta riƙe ranar fiye da ni. Da yamma wayata za ta yi ƙara. Za ta tambayi yara, ta tambayi babansu, ta tambayi sanyi, sannan ta ce, "An kai na wannan watan?" In ce an kai, Inna. Ta ce, "Saura nawa?" In faɗa mata. Sai in ji tana maimaita adadin a hankali, tana cire ɗari biyu daga na watan jiya, don ta tabbatar lissafina daidai ne.